Garaku: Yadda maharba ke ɓuya wa agwagin daji a gonakin fadama, da haɗarin da ke biye da su a yau

Tun kafin kiran sallar farko muka bar gida. Sanyin hunturu ya sauka sosai, hazo ya lulluɓe 'yar hanyar da ta ratsa gonakin dawa ta gangara fadama. Kawuna, wanda ya haura shekara sittin, yana gaba da bindigarsa ta toka a kafaɗa, ni kuma ina biye da shi ina haska hanya da fitilar waya, wadda ba mu yi nisa ba ya ce in kashe ta.

Gari ya fara washewa lokacin da muka isa wata gonar shinkafa da aka yanke makonni biyu da suka wuce. Nan ya tsaya ya ce in nuna masa inda ya gina maɓoyarsa. Na duba gabas na duba yamma. Abin da na gani shi ne tarin bambaro nan da can, da kunyar da ta raba gona da gona, da wani tsohon suri da ruwan damina ya zaizaye. Da na gaji na ce ban gani ba, sai ya yi murmushi, ya yi taku biyar kacal daga inda muke tsaye, ya ɗaga wani dami na bambaro a jikin surin. Sai ga rami mai zurfin gwiwa wanda zai ɗauki mutum biyu a zaune.

Wannan fasaha ta ɓuya a tsakiyar fili tsohuwa ce, kuma maharba sun gaje ta kaka da kakanni. Sai dai zamanin da ta tsinci kanta a ciki ya sauya. A Najeriyar yau, mutumin da aka tarar kwance cikin gona da bindiga kafin fitowar rana, ba lallai ne wanda ya gan shi ya tsaya tambayarsa ko agwagwa yake jira ba. Abin da ke sa tsuntsu ya kasa ganin maharbi shi ne kuma yake iya jefa rayuwarsa da ta maƙwabcinsa cikin haɗari.

Gari a bakin titi, fadama a bayan gari

Duk ma'aikacin da ya taɓa fita daga Abuja ya nufi Jos ko Lafiya ko Makurɗi ta hanyar Keffi, ya ratsa Garaku ko da bai lura ba. Garin yana kan titin Keffi zuwa Akwanga, shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Kokona a Jihar Nasarawa, jihar da aka yanko daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996. A nan fadar Abaga Toni take. Gwandara da Mada da Eggon da Hausawa da Fulani da wasu ƙabilun duk suna zaune a yankin, kuma noma ne ƙashin bayan rayuwarsu: doya, rogo, masara, dawa, riɗi, agushi, gyaɗa, sai shinkafa a kwari da fadamu.

Garaku ba ta cikin manyan matattarar tsuntsayen ruwa irin su Nguru ko Tafkin Chadi. Abin da take da shi ƙoramu ne da kududdufai da ƙananan fadamu waɗanda ke riƙe ruwa bayan ɗaukewar damina. Amma wannan ya isa ya jawo kirinjijiya, wato agwagwar dajin nan mai farar fuska da baƙin ƙeya, wadda ake jin fitonta sau uku a jere tun kafin a gan ta. Wani lokaci kuma dinya takan sauka, ita ce mafi girma a cikin tsuntsayen ruwa dangin agwagwa a Afirka, kuma tana da wani tsini mai kama da ƙaho a gwiwar fiffikenta da take faɗa da shi.

Kirinjijiya ta fi yin kiwo da dare da kuma jijjifi. Tsabar ciyawa ce abincinta, shi ya sa gonar shinkafa ke burge ta, ko lokacin da aka watsa iri, ko lokacin da shinkafa ta nuna, ko bayan girbi idan tsaba ta zube a laka. A wajen manomi, garken da ya saba da gonarsa asara ce. A wajen maharbi kuwa nama ne na miya da ɗan kuɗin cefane. Nan buƙatun mutanen biyu suka haɗu, kuma galibi ma mutum ɗaya ne yake noman yake harbin.

Idon da ke kallo daga sama

Kafin a fahimci yadda ake gina maɓoya, sai an san irin idon da ake ɓuya wa. Idanun agwagwa suna gefen kanta, don haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta waiga ba. Masana sun tabbatar cewa tsuntsaye na rarrabe launuka fiye da ɗan Adam, domin idonmu yana aiki da nau'in ƙwayoyin gane launi uku, nasu kuwa huɗu ne, har suna ganin wani haske da ke gaba da shuɗi wanda mu ba ma ganin sa. Abin da ya yi kama da ciyawa a idon mutum yana iya fita daban a idon agwagwa.

Abu na biyu shi ne daga sama take kallo. Mutum yakan tsaya a ƙasa ya duba bukkarsa ta gaba da ta gefe ya ce ta ɓuya, ya manta cewa wadda yake jira za ta zo ne ta bisa kansa. Garken agwagi ba ya faɗawa gona kai tsaye. Yakan yi shawagi sau biyu ko uku yana nazarin wurin, kuma idan ɗaya daga cikinsu ta tsargu ta karkata, sauran duk sun bi ta.

Abu na uku shi ne iska. Agwagwa tana sauka ne tana fuskantar iska, kamar yadda jirgin sama ke yi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka maharbin da ya san aikinsa yakan zauna ya ba iska baya. Tsuntsayen za su taho ta gabansa suna rage gudu, rana kuma tana ɓullowa ta bayansa tana dukan idanunsu.

Yadda ake gina maɓoya

Kawu ya ce aikin farko ba ya buƙatar fartanya ko lauje. Mutum zai yi kwana uku ko huɗu yana zuwa da asuba da kuma almuru, ya tsaya daga nesa yana kallon inda garken ke sauka. Da rana sai ya je ya duba sawu a laka da kashi da gashin da suka zubar. Bindigar toka ba ta cin nisa, don haka maɓoyar da aka gina taku hamsin daga masaukin tsuntsayen wahalar banza ce.

Idan an gane wurin, sai a nemi abin da tsuntsayen suka riga suka saba gani a jingina da shi: suri, kututture, kunyar iyaka, ko tarin bambaron da masu sussuka suka bari. Sabon abu da ya tsiro a tsakiyar fili dare ɗaya abin zargi ne. Haka kuma duk abin da ya ɗaga sama yana jefa doguwar inuwa da hantsin farko, shi ya sa ake haƙa rami a nutse a ciki maimakon a yi gini a bisa ƙasa. Ƙasar da aka tono ba a barin ta a tare, domin tana da danshi kuma launinta ya fi na saman gona duhu. Kawu a buhu yake kwashe ta ya kai cikin ƙorama.

Babbar ƙa'ida ita ce, da kayan gonar ake rufe maɓoyar gonar. A gonar shinkafa bambaro ake sa wa, a gonar dawa kara da karmami, a bakin ruwa kuma ciyawar da ke tsaye a wurin. Wanda ya saro ɗanyen reshen maina ya kafa a busasshiyar gona ya yi wa tsuntsu shela. Ko da launin ya dace da farko, ganyen da aka sara yakan yi yaushi cikin 'yan sa'o'i ya juya cikinsa mai haske. Har kwanciyar bambaron ana lura da ita: idan na gonar ya kwanta ya nufi yamma saboda iska, na kan maɓoyar ma haka za a kwantar da shi.

Daji ba ya yin miƙaƙƙen layi ko kusurwa huɗu, saboda haka ba a gyara bakin maɓoya kamar ana yin zana. Ana barin ta buzu-buzu, wani wuri ya fi wani tsawo. Sannan a rufe samanta, a bar 'yar kafa kawai, domin buɗaɗɗen rami daga sama baƙin tabo ne a tsakiyar gona mai ruwan zuma. Hanyar shiga ma ana sauya ta, don kada ƙafa ta tattake ciyawa ta zana layi daga bakin gona har zuwa inda mutum yake. Bayan an gama, sai a ƙaurace wa wurin kwana biyu ko uku har tsuntsayen su saba.

Saura mutumin da kansa. Ba banza ba rigar maharba take da launin ƙasa, kuma ba a cika wanke ta da sabulu ba. Fuska da bayan hannu ana shafa musu laka ko toka, bakin bindiga a naɗe shi da tsumma. A ranar da na bi Kawu, garken farko ya taho har ina jin kaɗawar fikafikansu, sai na ɗago kai don in gani da kyau. Nan take suka karkata suka yi sama. Kawu bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna na hagu ya juya shi, sai na ga gilashin agogona yana walƙiya kamar madubi. Ni da agogona muka kori abincin ranar.

Akwai haɗurran da maharbi ke lissafawa tun kafin ya shiga. Tarin bambaro yana tara ɓeraye, ɓeraye kuma suna jawo maciji, musamman kububuwa, wadda sararta ke kashe manoma da yawa a lokacin kaka a tsakiyar ƙasar nan. Don haka sai an zungura ramin da sanda kafin a sa ƙafa. Bindigar toka kuma tana fesa tartsatsi, busasshen bambaro ba ya jiran gayyata.

Daga kan burtu zuwa ƙwarya a kan ruwa

Maɓoyar gona reshe ɗaya ce daga cikin dabarun ɓad da kama da maharban ƙasar nan suka sani. Wadda ta fi shahara ita ce ta burtu. Maharban Hausa da Nupe sukan sassaƙa kan burtu da dogon wuyansa da itace, a rufe da fata, wani lokaci a haɗa da ainihin bakin tsuntsun, a yi masa ado da jajayen 'ya'yan idon zakara. Maharbi zai ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin mayafi, ya sunkuya cikin ciyawa yana tafiya yana gyaɗa kai kamar burtun da ke kiwo. Namun daji sun saba ganin burtu yana yawo a cikinsu, don haka ba sa gudu har sai mai kwari da baka ya matso. Irin waɗannan kawunan burtu yanzu suna ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Shi kansa burtun ya yi ƙaranci, har a 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana.

A kan ruwa kuma akwai dabarar ƙwarya, wadda aka sani a ƙasashe da dama, daga Sin da Indiya har Meziko. Ana sakin ƙore ko gyanɗama su yi ta yawo a tafki har agwagi su daina jin tsoronsu. Rana ɗaya sai mutum ya kifa ɗaya a kansa, ya huda wurin ido, ya shiga ruwa iya wuya, ya matsa a hankali ya jawo agwagwa ta ƙafa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, kamun agwagwa a ruwa yana cikin wasannin da ake nunawa har yau.

Duk dabarun nan ukun tushensu ɗaya: a nemi abin da dabba ta saba da shi, a shige cikinsa.

Yadda abin yake a Amurka

A ƙasashen da farautar agwagi ta zama babbar sana'a da nishaɗi, musamman Amurka da Kanada, maharba kan yi kwanto a gonakin masara da alkama da shinkafa bayan girbi. Akwai wata maɓoya ta kanti da suke saye, mai kama da ɗan gado, wadda mutum ke kwanciya rigingine a ciki ya rufe kansa da murfi biyu. Duk da haka ba a amfani da ita yadda ta fito daga kwali. Sai an damalmale ta da lakar gona don a kashe sheƙinta, sannan a tsittsinka karan gonar a cusa cikin igiyoyin da aka ɗinka a jikinta. Ke nan, da mai maɓoyar dala ɗari da mai ramin bambaro, darasi ɗaya suke bi.

Bambancin yana wajen tsari. Tun 1918 Amurka ta yi dokar kare tsuntsaye masu ƙaura. Daga 1934, duk mai shekara 16 zuwa sama da ke son harbin agwagwa sai ya sayi wani kan sarki na musamman, wanda yanzu dala 25 ne, kuma kusan duk kuɗin ana zuba shi ne wajen saye da kare fadamun da tsuntsayen ke zama. Akwai watannin da aka yarda a yi harbi, akwai sa'o'in yini da aka ƙayyade, akwai iyakar adadin da mutum zai kashe a rana, galibi shida. An hana zuba hatsi don yaudarar tsuntsu, kuma a 1991 aka haramta harsashin dalma a farautar tsuntsayen ruwa. Maharbi yana ɓuya wa agwagwa, amma hukuma ta san sunansa, mai gona kuma ya san da zuwansa.

Safiyar da aka kusa yin da-na-sani

Abin da ya sa na dawo da wannan labari ya faru ne shekara guda bayan zuwana na farko. Wani ma'aikaci daga Abuja ya sayi gonar da ke iyaka da wadda Kawu ke kwanto a ciki, ya kawo 'yan ƙwadago baƙi ya zaunar. Wata asuba ɗaya daga cikinsu ya zo ɗiban ruwa, ya yi tuntuɓe da bakin maɓoyar, ya ga mutum da fuska shafe da laka riƙe da bindiga. Ya zubar da jarka ya ruga yana ihun masu garkuwa da mutane. Kafin Kawu ya fito ya kakkaɓe jikinsa, samari sun taso da adduna da gorori, 'yan banga na tafe a kan babura. Allah Ya sa mai gonar da ya ba shi izini yana cikin waɗanda suka fara isowa, ya shiga tsakani yana kiran sunansa. Da ya makara da minti biyar, da wani labarin ake yi.

Babu mai ganin laifin yaron da ya yi ihu. Satar mutane don kuɗin fansa da rikicin manoma da makiyaya sun sa kowa a Nasarawa da kewaye yana kwana da ido ɗaya. Ƙasar nan kuma ta ga inda irin wannan zargi ke kaiwa. A ƙarshen watan Maris na 2025, an kashe mafarauta 16 a garin Uromi na Jihar Edo, suna hanyarsu daga Jihar Ribas zuwa gida Kano don bikin Sallah, bayan 'yan banga sun tare motarsu sun ga bindigogin toka. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je Kano ta'aziyya, amma waɗanda suka tafi sun tafi.

Haɗarin ta ɗaya gefen ma yana nan. Maɓoyar da ta ɓace wa tsuntsu ta ɓace wa yarinyar da ke kalen shinkafa, da ɗan Fulanin da ya koro shanu cin bambaro, da matar da ke yanke hanya zuwa rafi. Harsashin bindigar toka warwatsuwa yake yi, hazon hunturu kuma yana rage gani. Maharbin da idonsa ke sama yana bin garke ba koyaushe yake ganin wanda ke ƙetaren kududdufi ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai irin su mai baki biyu da lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, sannan bindigar da ake ɗurawa ta baki, wadda aka bar sha'aninta ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ta fuskar namun daji kuwa, jihohin Arewa sun gaji Dokar Namun Daji ta 1963 daga tsohuwar Gwamnatin Jihar Arewa, Tarayya kuma tana da dokar 1985 kan halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da ke da wuya shi ne a sami maharbin ƙauye da aka taɓa karanta masa su da harshen da yake ji.

Ga kuma alƙawuran da Najeriya ta ɗauka a waje. Kowane hunturu, agwagin da suka yi ƙyanƙyasa a Turai da yammacin Asiya suna ƙetare Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi. Ƙasar nan tana cikin yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan kare fadamu. Tafkin Nguru da mashigin Marma ne wuri na farko da aka yi wa rajista a 2000, daga baya a 2008 aka ƙara wasu, ciki har da Dagona a Yobe, Baturiya a Jigawa, da tafkunan Pandam da Wase a Filato, maƙwabciyar Nasarawa. Haka kuma tana cikin yarjejeniyar 1995 ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda ta nemi ƙasashe su daina amfani da harsashin dalma a fadamu. Dalilin a fili yake: agwagwa tana haɗiye ƙwayar dalmar da ta faɗa laka tana zaton tsakuwa ce, gubar ta kashe ta a hankali. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da take yi wa jiki.

Akwai wata hanya da ta fi bindiga muni, kuma ba ta buƙatar maɓoya ko haƙuri. Wasu sukan jiƙa shinkafa da maganin ƙwari su watsa a bakin ruwa, da safe su zo su tsince gawarwaki. Wannan yana kashe agwagwa da balbela da zabin gida da kifi gaba ɗaya, naman kuma ya ƙare a tukunyar wani ko a tiren mai tsire a bakin titi. Tsofaffin maharba ba sa ɗaukar mai yin haka ɗan'uwansu. Sannan tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, likitocin dabbobi ke gargaɗin kada a taɓa ko a ci tsuntsun ruwan da aka tsinta matacce.

Abin da ya rage ga mai gona da mai ofis

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suna da gona a hanyar Keffi, ko suna tara kuɗin saye kafin ritaya. Wanda ya sayi fili a bakin fadama ya sani cewa ya sayi wurin da wasu suka daɗe suna bi. Kafin a kafa shinge, yana da kyau a gaida mai unguwa, a tambayi wane ne Sarkin Baka na yankin, a san waɗanda ke farauta a kusa da lokacin da suke fita. A gabatar da 'yan ƙwadago ga maƙwabta tun ranar da suka sauka. Idan za a ba maharbi izini, a san inda maɓoyarsa take da inda bakin bindigarsa zai fuskanta, a yi sharaɗin babu guba, babu cinna wuta, kuma ya cike raminsa idan ya gama, don kada saniya ko yaro ya karye a ciki. Idan ba za a ba shi ba, a gaya masa da baki cikin mutunci, kada a bar shi ya ji daga bakin maigadi.

Ga waɗanda takardun gwamnati ke bi ta teburinsu kuma, akwai aikin da bai kai a kafa masa sabuwar hukuma ba. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa rundunar masu gadin daji. Ma'anar haka ita ce masu ɗauke da makami a daji da asuba za su ƙaru, kuma dole su iya bambance maharbin agwagwa da ɗan ta'adda cikin ƙiftawar ido. Rajistar maharba a matakin gunduma, wadda Sarkin Baka da hakimi da baturen 'yan sanda za su riƙe kwafinta, da katin shaida mai hoto, da sanarwa a rediyo da Hausa da Gwandara da Mada da Eggon da Fulfulde kan watannin da tsuntsaye ke ƙwai a damina don a ɗaga musu ƙafa, duk abubuwa ne da ba su kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Kawu bai jira kowa ba. Tun daga waccan safiya, duk daren da zai fita sai ya biya ta gidan mai unguwa da wajen shugaban 'yan banga, ya kuma aika wa maƙwabtan gona. Sannan ya ƙirƙiro wata alama tasa. A bakin kowace hanya da ke shiga fadamar yakan ɗaura jan ƙyalle a ƙasan reshen bishiya, daidai tsayin idon mai tafiya, inda ganye ya rufe shi daga sama. Agwagwa ba ta ganin sa, amma duk wanda ya zo da ƙafa zai gani, ya yi gyaran murya ko ya yi sallama kafin ya ƙarasa.

Zuwana na ƙarshe na bar agogo a gida. Kirinjijiya biyu muka samu. Da rana ta ɗaga, Kawu ya warware maɓoyar, ya mayar da bambaron kan tarinsa, ya cike ramin ya tattake, domin mai gonar ya riga ya yi ciniki da makiyaya, shanu za su shigo washegari. A hanyarmu ta komawa ya tsaya a gindin kowace bishiya ya kwance ƙyallensa ya zuba a aljihu.